Lissafi muke aunawa ko Turanci?

Koyar da lissafi a ƙaramar sakandare ya nuna mini cewa yawancin jarrabawar da muke yi wa 'yan aji ɗaya Turancinsu take aunawa, ko da an rubuta lissafi a saman takardar. Ka ba yaro 350 sau 4 da lambobi zalla, nan take zai rubuta maka 1,400. Ka mayar da wannan tambayar labari mai layi huɗu da Turanci, sai ya tsallake ta. Akwai wata ɗalibata mai tallan awara bayan an tashi, wadda ke lissafa canji a ka tun mai saye bai gama zaro kuɗinsa ba, amma irin waɗannan tambayoyi kullum su suke kayar da ita. Ran da na karanta mata su da Hausa, kusan duka ta amsa. Da takardar kaɗai aka duba, da an ce ba ta ja, kuma wannan zalunci ne.

Wajen ba da maki ma akwai matsala. Na ga takarda ɗaya ta kimiyya ta bi ta hannun malamai biyu: ɗaya ya ba da cikakken maki don yaron ya fahimci yadda ruwa ke zama tururi, ɗayan ya zaftare rabi saboda jimlolin sun karkace. Sakamakon da ke sauyawa gwargwadon wanda ya riƙe jan biro ba abin dogaro ba ne. Shi ya sa muke zama tun kafin jarrabawa mu rubuta abin da za a ba maki a kansa, a bar nahawu ga malamin Turanci.

Tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife, aka koyar da yara da Yarbanci shekara shida ta firamare, Turanci yana darasi mai zaman kansa, kuma ba su gaza takwarorinsu ba har a Turancin. Sai dai WAEC da NECO da JAMB da Turanci za su tambayi ɗalibaina lissafi, ba zan ɓoye musu haka ba. Don haka a aji ɗaya nakan taƙaita jimlolin tambaya, in sa zane, in ƙara lokaci, in fassara wa wanda ya ɗaga hannu. A aji biyu in fara janye fassarar, zuwa aji uku kuma su zauna da tsofaffin takardun BECE, wato jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, yadda aka buga su.