Tsofaffin da ba su sauko daga dutse ba

Duk wanda ya zauna da ni tun da na iso Daura domin Sallar Gani, abu biyu yake tambaya game da Ingila: sanyi da albashi. Sanyin gaskiya ne, albashin kuma haya da haraji da kuɗin wuta kan yagi rabonsu kafin ya iso hannu. Amma abin da ya kwantar mini da hankali a can, har na daina kwana da tunanin ranar komowa, wasu tsofaffi ne masu hawan dutse, kuma labarinsu nake so 'yan gida su ji.

A Shefild nake zaune, garin da aka sani da ƙera ƙarfe da wuƙaƙe a arewacin Ingila. Aikina kula da tsofaffi ne a wani gida da ake ajiye waɗanda ƙarfinsu ya ƙare: in tashe su, in yi musu wanka, in ba su abinci da magani, in juya wanda ba ya iya juyawa don kada kwanciya ta ci masa fata. Da hunturu na fara. A watan Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu, Azahar da La'asar da Magariba su taru wuri ɗaya, ka fita aiki cikin duhu ka dawo cikin duhu. Maƙwabci zai ɗaga maka kai ya wuce, ba zai tambayi gajiya ba balle iyali. Na ci tuwo ni kaɗai a ɗaki, abin da ban saba da shi ba tun ina yaro. A wurin aiki kuwa ina kallon dattijan da suke kafa wa ƙofa ido ranar Lahadi ko wani nasu zai leƙo. Tsufan da na fara gani a Turai ke nan, kuma ya tsorata ni.

Wani abokin aikina, haifaffen garin, shi ya ga na rame ya ja ni ɗakin hawa. Shefild cibiyar masu hawan dutse ce a Birtaniya. Tun 1991 aka buɗe The Foundry, ɗaya daga cikin ɗakunan hawa na farko a ƙasar, wasu kuma suka biyo baya. Dogayen bangaye ne da aka kafa wa mariƙai masu launi-launi, kowane launi hanyarsa daban, wata mai sauƙi, wata sai wanda ya isa. Da yake aikina na karɓa-karɓa ne, hutuna kan faɗo da safiyar ranakun aiki, lokacin da matasa suke ofis ko makaranta. Waɗanda ke cika wurin a wannan lokacin 'yan fansho ne, maza da mata, furfura fari fat.

A cikinsu akwai wani dattijo da ya haura saba'in, tsohon ma'aikacin masana'antar ƙarfe. Yatsunsa sun yi kauri sun kanannaɗe kamar na masu haƙar rijiya. Na tsaya ina kallonsa yana bin wani bango da ya ranƙwafo ta samansa, wanda ni da ƙuruciyata ban iya ɗaga ƙafa biyu a kansa ba. Ba ya gaggawa. Sai ya duba inda zai sa babban yatsan ƙafa, ya sa shi sau ɗaya ba gyara, ya murɗa ƙugu ya manne da bango, ya bar hannu a miƙe don ƙashi ya ɗauki nauyin maimakon tsoka. Matashi da damtse yake ja, ya gaji a rabin hanya. Shi kuwa ƙafa ke kai shi, hannu riƙo kawai yake yi.

Kuma ba wasa suka zo yi ba, wannan ne ya fi ba ni mamaki. Kowannensu yana da hanyar da ta gagare shi, yana fama da ita mako da makonni, yana faɗowa a wuri ɗaya, igiya ta tare shi, ya huta, ya koma. Sun san jikinsu sarai. Tsoka tana raguwa da shekaru, jijiyoyin yatsa da gwiwar hannu kuma ba sa saurin warkewa in sun yage, don haka sukan daɗe suna ɗumama jiki kafin su taɓa abu mai wuya, su huta kwana ɗaya ko biyu bayan hawa mai tsanani, su riƙa rataya da yatsu a wani katako a gida don riƙo kada ya gudu. Da yawansu sun bar gajerun duwatsun da ake dirowa kan katifa, saboda gwiwa da ƙugu ba sa son dira, sun koma ga igiya. Akwai wata dattijuwa da aka sauya wa ƙashin ƙugu, ta dawo tana hawa.

Dattijon nan shi ya koya mini riƙon igiya. Ya nuna mini yadda ake ɗaura ɗamara, da ƙullin da yake kama da lamba 8, da ɗan ƙarfen da igiya ke bi ta ciki, da doka ɗaya da ba a karyawa: hannun da ke riƙe da ƙasan igiya ba ya sakinta ko me ya faru. Kafin kowa ya bar ƙasa, kai ka duba ƙullinsa, shi ya duba naka. Ran nan ya miƙo mini igiyarsa ya fara hawa. Can sama ƙafarsa ta zame, ya faɗo, igiya ta fizge ni gaba, na riƙe. Ya tsaya yana lilo, ya leƙo ya ɗaga mini yatsa, ya ce zai sake gwadawa. Na daɗe ina jin wannan a ƙirjina. A garin da maƙwabcina bai san sunana ba, mutum ya ɗauki ransa ya danƙa mini amana, ba tare da ya tambayi daga ina na fito ba. Daga ranar na samu mutane. In ban zo ba, sai an kira a ji ko lafiya.

Da su na fara fita Peak District, gandun da aka keɓe tun 1951, wanda yake dab da gari. A can Stanage yake, doguwar katangar dutse mai kaushi da ta miƙe kilomitoci a kan tudu. Da irin dutsen ake sassaƙa duwatsun niƙa a da, har yau ga su nan a yashe a gindinsa cikin ciyawa. Sun fi son sa da sanyi, domin tafin hannu ba ya gumi, robar takalmi kuma ta fi kamawa. In lokacin salla ya yi, su da kansu suke nuna mini falalen da iska ba ta bugu, in fuskanci kudu maso gabas, su jira da shayinsu a hannu.

A wurin shan shayin nan na ji sunayen da suke ƙarfafa wa juna gwiwa da su. Chris Bonington ya hau Old Man of Hoy, wani tsinin dutse mai mita 137 a bakin teku a tsibiran Orkney, a 1966, ya kuma koma ya hau shi a 2014 yana da shekara 80. Marcel Rémy na Suwizalan ya hau Miroir d'Argentine, bango mai sama da mita 400, a 2017 yana da shekara 94, tare da 'ya'yansa. Ya rasu a 2022 yana da 99. Amma wanda suka fi alfahari da shi mazaunin garinsu ne, Steve McClure, wanda a 2017 yana da shekara 46 ya kammala Rainman a dutsen Malham Cove da ke arewacin Ingila, hanya mai matakin 9b a ma'aunin wuyar hawa, da ba a taɓa hawa mai wuyarta a Birtaniya ba kafin nan. A wasannin ƙarfi da yawa, mai waɗannan shekarun ya daɗe da komawa ɗan kallo.

Na san akwai bambanci, kuma ba na ɓoye shi. Su suna da fansho da asibitin gwamnati da ba a biya a bakin ƙofa. Dattijon da ya yi shekara sittin yana duƙe da fartanya ya cancanci tabarmarsa, ba wanda ya isa ya hana shi. Zumuncin da tsofaffinmu suke ci a ƙofar gida kuwa, Ingila ba ta da kuɗin sayensa. Abin da ke damuna shi ne hutun dole, wanda muke ɗora wa mai sauran ƙarfi don gudun bakin mutane. Aikina ya nuna mini yadda ƙafar da aka zaunar take mutuwa da sauri.

Ina da kawu a ƙauyenmu ta hanyar Mai'aduwa, mai kiwon zuma, wanda har yanzu shi yake hawa bishiya ya ɗora amya. Tun ina can ake kira na a waya cewa in sa baki ya daina, wai abin kunya ne, za a ce 'ya'yansa sun kasa riƙe shi. Da muka zauna na ce, "Kawu, Allah ya ƙara lafiya, an ce in roƙe ka ka sauko." Ya ce, "Ɗan nan, ai ranar da na zauna, ba na sake tashi." Babban ɗansa ya ce, "To in ya faɗo fa?" Na ce, "Yaya, tsoronka gaskiya ne, shi ya sa na zo da wannan." Na buɗe jaka na fito da ɗamara da igiya da ƙarfen riƙo.

Mun wurga igiyar ta kan wani reshe mai kauri na ɗorawa, na ɗaura wa Kawu ɗamara, na tsayar da jikansa mai ƙarfi a gindi ina maimaita masa dokar hannu har ya haddace. Kawu ya yi ƙorafin ɗamarar ta matse shi, amma ya hau ya sauko, ya kuma yarda ba zai ƙara hawa ba sai yaron yana riƙe. Yaya bai gamsu ba tukuna, ya ce sai ya ga yadda ɗibar zuma za ta kasance da dare. Kafin lokacin na koma bakin aiki, don haka na bar musu kayan, da sharaɗin a riƙa ajiye igiyar a inuwa, a kuma shafa ta da hannu daga farko zuwa ƙarshe kafin kowane hawa.