Talata, da laftof ɗin Kawu

An kawo wuta tun asuba, ƙosan Inna kuma yau ya yi daɗi sosai.

Da hantsi sai ga Kawu da laftof ɗinsa. Fankar laftof ɗin na ta ƙara ko ba a buɗe komai ba, shafukan talla na buɗe kansu, filash ɗinsa kuma duk foldojin ciki sun koma shortcut, wato alamar da ke nuna hanyar fayil kawai.

"Ai yaron shago ya bincika ta, babu komai. Ga alamar kore nan."

"Kawu, wane irin bincike ya yi muku?"

"Au, kala-kala ne?"

Huɗu ne. A Windows 10 da 11 ana shiga Windows Security, mai gadin da ke zuwa tare da Windows, a danna Virus & threat protection, sai Scan options. Quick scan leƙe ne kawai a wuraren da bairos ya saba laɓewa, cikin 'yan mintuna ya gama. Full scan shi ke bin kowane fayil, yakan ci awa guda ko fiye, don haka a jona caja. Custom scan na folda ɗaya ne ko filash. Na huɗun, Microsoft Defender Offline, yana kashe kwamfutar ya tayar da ita, ya yi aikinsa kafin Windows ta buɗe, lokacin da bairos bai samu damar ɓuya ba. Wajen minti 15 yake ɗauka. A adana duk aikin da ke buɗe, kuma mai BitLocker, wato tsarin Windows na kulle bayanan faifai, ya tanadi makullinsa mai lamba 48, don ana iya tambayarsa. Kafin kowanne, a shiga Protection updates a sabunta, in ba haka ba da tsohon jerin sunayen ɓarayi mai gadin zai yi aiki.

Abin da ya ɓata min rai yana cikin Manage settings, can ƙasa, wajen Exclusions. Nan ake rubuta wuraren da aka ce kada a duba. An sa C:, babban faifan da Windows ke ciki, gaba ɗayansa! Duk binciken da za a yi tsallake shi zai yi, ya ce lafiya lau. Masu sa wa mutane manhajar sata sukan yi haka, don kada a goge musu ita. Real-time protection, wato gadin da ke aiki a kowane lokaci, in an kashe shi yakan kunna kansa bayan ɗan lokaci, amma abin da aka sa a Exclusions yana nan har sai an cire da hannu.

Aka cire, aka kunna Tamper protection mai hana bairos taɓa saitin tsaro, aka sa Full scan, sannan Offline. Abin da aka kama yana fitowa a Protection history. Quarantine (killacewa) ko Remove (gogewa) ake zaɓa. Kada a danna Allow on device (ƙyale shi) sai an tabbatar da fayil ɗin.

Tun la'asar raina a jagule yake. Dattijo ya biya kuɗinsa, ya yarda da mai gyara, kuma ta wannan laftof ɗin yake shiga imel da banki. Goge bairos ba ya dawo da kalmar sirrin da aka riga aka sace. Na roƙe shi ya canza su yau ɗin nan, ta wayarsa, ya fara da ta imel.

Filash ɗin sai gobe: Custom scan tukuna, a goge shortcut ɗin ba tare da an danna su ba, sannan a fito da foldojin da aka ɓoye.