Mastas a Amurka da kuɗin tallafi: abubuwan da na gano a hanya

Tun da na gama mastas ɗina a Amurka ba a cika sati ba wani ƙani bai turo min saƙo ba, Yaya ya aka yi ka samu sikolashif, Yaya a nuna mana hanya. Ina jin daɗin tambayar wallahi, dan alama ce yaranmu sun fara buɗe ido. Amma amsata tana ba su mamaki, saboda ni ba irin sikolashif ɗin da suke tunani na samu ba, wanda za a damƙa maka kuɗi a ce je ka yi karatu. Aiki aka ba ni. Sashen kemistri suka ɗauke ni mataimakin malami, ina kula da 'yan aji ɗaya a ɗakin gwaje-gwaje, ina makin takardunsu, awa 20 a sati, su kuma suka yafe min kuɗin karatu sannan suna biyana alawus duk wata. Da yawa daga cikin 'yan Afirkan da za ka gani suna mastas ko dokta a can, musamman ɓangaren kimiyya da injiniyanci, ta wannan hanyar suke biya.

Abu na farko da zama ya koya min shi ne duk abin da makaranta ta kira tallafi, ka tsaya ka tambaya wane iri ne. Akwai kyauta wadda ba a son komai daga gare ka sai ka ci jarabawa, akwai ladan aiki irin nawa, akwai kuma bashi, kuma sau da yawa duk a takarda ɗaya za a jero su a haɗa lissafi a ƙasa ka ga adadi mai yawa ranka ya yi fari. Fom ɗin FAFSA na neman tallafin karatu daga gwamnatin Amurka da za ka ji ana ta magana a kai a intanet, na 'yan ƙasa ne da masu girin kad da makamantansu, mai bizar karatu ta F-1 ba ya ciki. Su kansu Amurkawan da muke aji ɗaya, abin da gwamnatin tarayyarsu ke ba ɗalibin mastas mafi yawa bashi ne, dala 20,500 a shekara, kuma kuɗin ruwa yana fara hawa tun ranar da aka ba ka, kana cikin aji yana ƙaruwa. Akwai wata da muke koyarwa tare, bashin digirinta na farko ma bai ƙare ba, duk hirarta ta wannan bashin ce. A nan na daina ganin kamar su komai a sama suke samu.

Toh sai kuɗin da ba ya cikin kowace takarda, wato na kafin ka tafi. Kuɗin cike fom na kowace makaranta, tantance sakamakon digiri a wurin irin su WES, jarabawar Turanci in sun nema, kuɗin SEVIS, wato rajistar ɗaliban waje a gwamnatin Amurka, dala 350, kuɗin biza wanda ya tashi daga dala 160 zuwa 185 a 2023, tikitin jirgi, sai kuɗin ajiya na ɗaki da hayar watan farko. Duk wannan daga aljihunka ne, kuma a nan ne yaran talakawa masu ƙoƙari suke tsayawa, an ba su gurbi an ba su tallafi amma babu kuɗin da za su kai kansu bakin ƙofar. Ni babban wana ne ya sayar da shanunsa biyu na kiwo, ba zan taɓa manta masa ba. Amma akwai hanyoyin rage nauyin. Makarantu da dama suna yafe kuɗin fom in ka rubuta wa sakatariyar sashe imel cikin ladabi ka faɗi halin da kake ciki, wasu suna yafe jarabawar Turanci ga wanda ya yi digirinsa a Najeriya, sannan EducationUSA, masu ba da shawara kan karatu a Amurka, a Abuja da Legas suna da shirin da ke taimaka wa ɗalibai masu hazaƙa marasa ƙarfi da irin waɗannan kuɗaɗen na farko. Tambaya ce kawai, mu kuma kunyar tambaya ta yi mana yawa.

Watan farko shi ne mafi tsanani. Ka sauka a Agusta, alawus ba zai shigo ba sai ka yi aikin, sai an yi maka lambar soshal sikiyuriti da gwamnati ke ba ma'aikaci, sai ka buɗe akawun a banki, kafin nan kuma ciki ba ya jira. Mutanen masallacin garin ne suka riƙe ni. Wani dattijo ɗan zangon Kumasi, da ya ji na amsa waya da Hausa bayan sallar Juma'a ya riƙo hannuna ya ce "ɗana, daga ina?", washegari ya kawo min katifa da tukwane biyu da buhun shinkafa ƙarami a bayan motarsa, ya kai ni shagon gwanjo na sayi rigar sanyi. Na ce Baba nawa zan kawo, ya ce in wani ya zo bayanka ka yi masa.

Ana cikin haka sai ga bil daga ofishin kuɗi na makaranta. Na ɗauka kuskure ne tunda an ce an yafe min, na kwashi takarduna na tafi. Matar da ke wurin ta juyo min da allon kwamfuta tana nuna min da biro layi-layi: wannan na sama kuɗin darasi ne, an goge shi, amma ga kuɗin laburare, kuɗin wurin motsa jiki, kuɗin bas, kuɗin hidimar ɗaliban ƙasashen waje, ga wani kaso na inshorar lafiya, waɗannan naka ne duk semesta. Da aka haɗa ya kusa cinye alawus ɗin wata guda. Ita ce dai ta nuna min ana iya raba shi kashi-kashi a riƙa cirewa a hankali, ta kuma faɗa min akwai ɗakin da ake raba wa ɗalibai kayan abinci kyauta ba tare da an tambaye ka komai ba. Ban ji kunyar zuwa ba, kuma duk wanda ya zo bayana na kai shi da kaina.

Haraji ma ana cirewa. Alawus na aiki albashi ne a wurinsu, Najeriya kuma ba ta da yarjejeniyar haraji da Amurka irin wadda wasu ƙasashe ke da ita, dan haka abin da aka rubuta a takarda ba shi ne zai shiga akawun ba, kuma duk shekara sai ka cike fom 1040-NR kafin 15 ga Afrilu.

Abin da ya fi tsaya min a rai kuwa shi ne hutun bazara. Kwantiragin namu na wata tara ne, daga Agusta zuwa Mayu, wata ukun da suka rage babu ko sisi, haya kuma tana nan, mai gida bai san wani hutu ba. Dokar biza ba ta yarda ka yi aiki a wajen makaranta ba sai da izini na musamman, kuma na ga yadda matsi ke tura yara su ari akawun ɗin wani su riƙa kai saƙon abinci a mota. Ina roƙon ƙannena kar ku yi, in aka kama mutum bizar ce gaba ɗaya za ta tafi, da karatun da shanun da aka sayar. Abin da ya cece ni shi ne tun watan Fabrairu na je na samu sufabaiza ɗina na ce Farfesa, ba ni da abin da zan rayu da shi a bazara, ko akwai aiki a ɗakin bincikenki. Ta yi shiru ta duba lissafin kuɗin bincikenta ta ce za ta iya ɗaukar wata biyu. Da na bari sai Mayu da wani ya riga ni. Na ukun kuwa daga abin da nake cirewa duk wata na biya shi.

Kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Awa 20 ɗin nan a takarda ne, satin jarabawa ya kan wuce haka, ga naka karatun, ga sharaɗin cewa makinka na GPA kar ya yi ƙasa da 3.0, in ya faɗi tallafin na iya tafiya, in tallafin ya tafi ba ka da kuɗin yin rajista, in ba ka yi rajista ba takardar I-20 ɗinka, wadda makaranta ta ba ka ta shaidar kai ɗalibinta ne, ta mutu. Abu ɗaya ne yake riƙe da ɗaya. Na tuna wani azumi, na sha ruwa da dabino a ɗakin gwaji, tarin rahotannin ɗalibai a gabana ina maki da jan biro, gobe kuma ina da tawa jarabawar. Amma fa aikin ya yi min rana, tsayuwa gaban yaran da ke tambayarka me ya sa, me ya sa, ta sa na fahimci kemistrin da na haddace a gida ba tare da na gane shi sosai ba.

Sai maganar gida. A watan Yunin 2023 aka saki naira, dala da take wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 700, farkon 2024 ta wuce 1,500. Abokanmu da iyayensu ke turo musu kuɗin makaranta daga Najeriya sun shiga wani hali, wasu sai da suka dakatar da karatu. Mu masu karɓar alawus da dala abin ya zo mana ta wata fuskar, kowa a gida yana lissafa alawus ɗinka da naira yana ganin ka zama attajiri, ba ya lissafa haya da inshora da dala. Sai da na kira Hajiyarmu na karanta mata lissafin wata ɗaya daga farko har ƙarshe, ta ce "Allah sarki, ashe haka abin yake, ka riƙe abinka ka yi karatu." Daga nan ita ce ta riƙa tare min masu buƙata, ni kuma na ware ɗan abin da zan iya turawa ba tare da na shiga bashi ba.

Bashin ma ana samu. Kamfanoni irin su Prodigy Finance da MPOWER suna ba ɗaliban ƙasashen waje rance ba tare da jingina ba, amma da dala ne kuma da kuɗin ruwa. Ni ban ɗauka ba, saboda maganar riba da farko, sannan ban ga yadda wanda zai dawo gida ya karɓi albashin naira zai biya bashin dala ba. Ba na zagin wanda ya ɗauka, kowa da halin da yake ciki, amma in ƙanina ne zan ce ya jira shekara mai zuwa ya sake nema, ya gwada sikolashif ɗin Chevening ko Commonwealth na Ingila, ko DAAD na Jamus, ko PTDF in fanninsa ya shafi man fetur.

In takardar tallafi ta zo maka kar ɗoki ya sa ka amsa a daren. Jami'o'in Amurka da yawa sun sa hannu a yarjejeniyar da ta ba ɗalibi har 15 ga Afrilu kafin ya amsa tayin tallafi, dan haka kana da lokacin rubuta musu ka tambaya wata nawa ake biya, shekara nawa aka tabbatar maka, wane kuɗi ne ba a yafe ba, inshora kaso nawa suke ɗauka. Sannan ka nemi imel ɗin ɗalibi ɗaya ko biyu da ke sashen yanzu, yawanci sunayensu na nan a shafin sashen, ka tambaye su nawa ne hayar ɗaki a garin kuma me suka ci a bazarar da ta wuce.