Daga Kano zuwa Damagaram da Kawu a gefena

Na bi hanyar Kano zuwa Damagaram ya fi a ƙirga a motar haya, amma da za ka tambaye ni abin da ke tsakanin Dambatta da Daura, sai in ce kwalta da shingen jami'ai. Bara da kaka Kawu ya ce in kai shi wurin ƙanwarsa a Damagaram. Tsohon direban babbar mota ne, ya shekara da shekaru yana dakon gero da wake a hanyar, yanzu ido ya yi rauni. Sharaɗinsa ɗaya: inda ya ce tsaya, in tsaya.

Tsayawar farko a Dambatta muka yi, gindin wata tsamiya da ke bayan tasha. Ni ban ga komai ba sai mai shayi da benci biyu. Kawu ya ce nan suke kwana in dare ya yi musu, tun hanyar tana siririya, mota biyu ba sa wucewa sai ɗaya ta sauka gefe. Ya tambayi mai shayin sunayen mutum uku. Duk sun rasu. Ya yi shiru, ya shanye shayinsa, muka tashi.

Kazaure kuwa duwatsunta na saba hangowa ta taga. Ranar ce na fara jin cewa Ɗan Tunku, wanda ya kafa masarautar a 1819, ya yi ta gwabzawa da Sarkin Kano Ibrahim Dabo, kuma duwatsun nan su ne garkuwarsa. Da na fito na tsaya a ƙasa na dube su, sai na gane dalilin da ya sa mai neman mafaka zai zaɓi wurin.

A Daura muka fi daɗewa. Kowane ɗan firamare ya san labarin Bayajidda da macijiyar da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, amma ban taɓa leƙa rijiyar Kusugu ba sai ranar. Tana cikin gini, a tsakiyar gari, har yanzu da ruwa. Aka jefa guga aka miƙo mana. Kawu ya sha, ya shafa a fuska, ya ce, "Ɗan nan, sau nawa ka wuce garin nan?" Ban iya ba shi amsa ba.

Kuskurena shi ne ranar da na zaɓa. Lahadi ce, ranar kasuwar Mai'aduwa, hanya ta cika da motocin shanu da raƙuma da 'yan babur. Abin da zai ci minti kaɗan ya cinye mana fiye da awa. Sannan ban canji sefa tun daga Kano ba, na tsaya yi a bakin iyaka a gaggauce, na kuwa yi asara. Takardun mota ma sai da na zazzage jaka kafin na haɗa su. Wanda zai bi hanyar nan da motarsa ya gama duk wannan tun a gida. Muka ƙetare Kwangwalam zuwa Ɗan Barto da la'asar sakaliya, dole muka kwana a Matamaye.

Kwanan ya zama alheri. A daren Kawu ya yi mini bayanin da ya sauya mini hanyar gaba ɗaya: kafin mota, fatake ne ke bin ta da jakuna da raƙuma, daga Kano zuwa Damagaram har Agadas, madugu na gaba. Inda rana ta faɗi musu kusa da rijiya, nan ne zango, kuma zango da yawa su ne suka zama garuruwan da muke wucewa da gudu.

Da safe muka ɗauki babbar hanya a Takeita, muka yi gabas. A Tirmini ya sa na tsaya. Nan dakarun Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga suka kara da sojojin Faransa a 1899, aka ci su, birnin ya faɗa hannun Turawa. Fili ne kawai da duwatsu da karan gero. Kawu ya cire takalmi, ya ɗaga hannu ya yi wa mamatan addu'a, ni ma na bi shi. Kafin azahar muna ƙofar gidan ƙanwarsa, a unguwar da har yau ake kira Zango.