Wasiƙa daga Michigan: madarar gwangwani da jaririn da hanjinsa bai yi ƙwari ba

Assalamu alaikum iyayena mata, yayyena da ƙannena, har da iyayenmu maza masu cefane don maganar nan ta shafi aljihunku. Ya gida ya yara, ya masu jego? Allah ya raya mana zuri'a.

Ni nas ce, ina aiki a ɗakin jarirai bakwaini a nan jihar Michigan ta Amurka, kuma saƙon da na fi samu daga gida idan an yi haihuwa shi ne "Anti ki aiko mana da madarar waje", wai tafi kyau, wai yaro yafi ƙiba da ita. To dan Allah ku saurare ni da kunnen basira, domin madarar garin nan da ke cikin gwangwani, ko daga wace ƙasa ta fito, ko nawa aka saye ta, ba a kashe duk ƙwayoyin cutar da ke cikinta ba. Haka ake haɗa ta, kamfanonin ma ba su ce sun kashe ba.

Akwai wata ƙwayar bakteriya da ake kira Cronobacter sakazakii, sunan wani masanin Japan ne Riichi Sakazaki aka laƙaba mata. Tana jure bushewa sosai, sai ta yi watanni, kai har sama da shekara a cikin busasshen gari bata mutu ba, ranar da aka zuba mata ruwa mai ɗumi sai ta farfaɗo ta fara yaɗuwa. Ni da ke ko mun sha ta galibi ba abin da zai same mu, ko yaro mai wata takwas ma da wuya ta kayar da shi. Wanda take samu shi ne jaririn da bai kai wata 2 ba, da bakwaini, da wanda aka haifa da matsalar hanji ko aka yi masa tiyata a ciki. Ba cuta ce mai yawa ba fa, kafin 2024 a duk Amurka hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC takan samu rahoton jarirai 2 zuwa 4 ne a shekara, sai a 2024 ma aka sa ta cikin cututtukan da ake kai rahotonsu a ƙasar baki ɗaya. Amma idan ta shiga jini ta kan haura ƙwaƙwalwa ta zama sanƙarau, wasu su rasu, wasu da suka rayu a barsu da ruwa a kai ko nakasa ta har abada.

Me yasa hanji? Saboda hanjin jariri kamar katangar gida ce da aka ɗora jiya laka bata bushe ba, abin da ya kamata ya tsaya a waje sai ya keto ciki. Akwai ciwon da likitoci ke kira NEC, wato wani sashe na hanjin bakwaini ya kumbura ya fara ruɓewa. Wallahi duk wadda ta yi aiki a ɗakinmu ta san yadda yake fara zuwa, da safe ki auna cikin jaririn da ɗan tef na takarda komai daidai, kafin la'asar cikin ya tashi yana ƙyalli, jijiyoyi sun fito raɗau, abin da muke zuƙowa daga robar da ke hancinsa ya koma kore, ki buɗe famfas ki ga ɗigon jini, yaron da ɗazu yake wutsil-wutsil ya yi lakwas har numfashi yana mantawa. Nan take ake tsayar da abinci, a ɗauki hoto, a fara allurai, wani lokaci sai an yanke ruɓaɓɓen hanjin a fito da bakinsa ta gefen ciki kashi ya riƙa zuba a leda. A shekarar 1998 a wani asibiti a Beljiyam jarirai 12 suka kamu da wannan ciwo cikin wata biyu, tagwaye maza suka rasu, da aka bincika sai ga wannan ƙwayar a cikin madarar gari da ake ba su. A 2001 kuma a jihar Tennessee wani bakwaini ya rasu da sanƙarau, aka bi sawu har gwangwanin da ba a ma buɗe ba. Tun daga nan ɗakunan bakwaini a ƙasar nan suka koma madarar ruwa wadda aka dafa aka rufe tun daga kamfani, gari sai in ba makawa.

Nan Michigan ɗin ma ai mun gani, a watan Fabrairu na 2022 kamfanin Abbott ya janye madarar da ya haɗa a masana'antarsa ta garin Sturgis bayan jarirai 4 sun kamu 2 sun rasu, an samu ƙwayar a cikin masana'antar duk da gwaji bai nuna ita ce ainihin wadda ta kama yaran ba. Aka rufe wajen, madara ta yi ƙarancin da iyaye ke yawo kanti-kanti suna kuka. Wannan ita ce madarar wajen da ake roƙona.

Kuma ba wannan ƙwayar kaɗai ba ce. Jaririn da aka yanke wa hanji mai yawa, ko wanda aka haifa hanjinsa a waje ta gefen cibiya, yakan daɗe ana ba shi abinci ta jijiya, sai kaga ƙwayoyin da ba a ɗauke su a bakin komai ba sun shiga jininsa, irin su Leuconostoc da ake samu a abincin da ya yi tsami, ita kuma maganin vancomycin da ake ji da shi baya mata komai. Har ƙwayoyin da ake sayarwa da sunan masu gyara ciki, a 2023 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna a Amurka ta yi gargaɗi bayan wani bakwaini da bai kai kilo 1 ba ya rasu, aka samu ƙwayar gyaran cikin da aka ba shi, mai suna Bifidobacterium, a cikin jininsa. Don haka kar wanda ya shiga kemis ya sayo wa bakwaini irin wannan da ka.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne nonon uwa, musamman dakashi, wannan na farko mai kauri rawaya-rawaya da wasu kakanninmu ke cewa a matse a zubar wai bashi da kyau. Hajiya, Inna, dan girman Allah a daina. Mu nan ɗigo-ɗigo muke tara shi a ƙaramin sirinji, jaririn da ko tsotso bai iya ba mu shafa masa a cikin kumatu, uwar tana kwance da ɗinkin tiyata amma sai mun je mun karɓo. Binciken da aka yi a Ingila kan bakwaini 926, aka wallafa a 1990, ya nuna ruɓewar hanjin nan ta ninka sau 6 zuwa 10 a waɗanda madara zalla suka sha idan aka kwatanta da masu nono zalla. Mu kuma a Najeriya ƙididdigar 2018 ta nuna kashi 29 cikin 100 ne kawai na jarirai 'yan ƙasa da wata 6 ke shan nono zalla, sauran ana haɗa musu da ruwa da jiƙe-jiƙe, abin yana ci min rai sosai.

Na san akwai wadda nono bai zo mata ba, akwai marayan da uwarsa ta rasu wajen haihuwa, ba laifin kowa ba ne kuma madara ce ke ceton ransu. Idan akwai 'yar uwa mai shayarwa da aka gwada jininta aka ga lafiya, ai al'adarmu da addininmu sun san shayarwa, a dai riƙe wa ya sha nonon wa. Idan kuwa gwangwanin ne, to ga yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara tun 2007. A wanke hannu da sabulu, a tafasa fida da murfinta da kan robar. A tafasa ruwa, kamar lita 1, a sauke, kar ya wuce minti 30 don zafinsa kar ya gaza digiri 70, a fara zuba ruwan sannan garin, a girgiza, sai a tsoma gindin fidar a ruwan sanyi har ta huce, a ɗiga a cikin wuyan hannu a ji. Ruwan fulas da ya kwana ya koma ɗumi-ɗumi ko fiya wata da aka fasa aka zuba kai tsaye basa kashe komai. Abin da ya rage bayan awa 2 a zubar, na san da tsada, na san yadda zuciya ke yi, amma a zubar. Zancen ajiyewa a firji kuwa sai inda wuta take tsayawa, a zafin Kano ko Maraɗi gara a haɗa daidai cikinsa duk sanda zai sha. Cokalin awon ma a bar shi a bushe, a rufe gwangwanin ruf.

Idan jariri ya yi koren amai, ko cikinsa ya kumbura ya yi tauri, ko jini a kashi, ko ya ƙi kama nono, jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, maɗigarsa ta taso, ko ya fara jijjiga, ba a jira gari ya waye, ba a jira maigida ya dawo, a tafi babban asibitin da ke da ɗakin jarirai. Ku faɗa wa likita duk abin da ya shiga bakinsa ba ɓoye-ɓoye, ku tafi da gwangwanin da fidar, ku tambaya ko za a iya ɗaukar jininsa a yi gwajin ƙwayar cuta kafin a fara allura, in ba hali kar a jinkirta allurar saboda gwajin.

Ku gaida min masu jego, Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.

Taku,
'yar uwarku nas a Michigan