Talata, ranar Sisifus a ajin tarminal (ajin ƙarshe na sakandare)

Zafi ya sauka Maradi tun ƙarfe tara, wuta kuma babu, fankar aji ko motsi ba ta yi ba har aka tashi. A haka na shiga da darasin Albert Camus, marubuci kuma masanin falsafa Bafaranshe. Duk shekara sai gabana ya faɗi kafin wannan darasi, don na san abin da yake tayarwa.

Na fara ba su labarin Sisifus yadda Girkawan da suka ba da shi: mutumin da aka yanke wa hukuncin tura dutse zuwa ƙolin tsauni, yana kaiwa dutsen ya gangaro, ya sauko ya sake, har abada. Camus ya ɗauko labarin a littafinsa na 1942, lokacin Faransa na hannun Jamus, ya ce haka ɗan Adam yake, zuciyarsa na neman dalilin zuwansa, duniya kuwa ta yi gum. Bai yarda mutum ya kashe kansa ba. Bai kuma yarda ya fake a bayan imani ba, har ma ya zargi Kierkegaard, masanin Denmark wanda Kirista ne na gaske, da tsallake tambayar. A wurinsa abin da ya rage shi ne a ci gaba da turawa ido buɗe.

Ban rufe baki ba wata ɗaliba ta ɗaga hannu. "Mushe, wannan ai kafirci ne. Don me ake koya mana?" Ba rashin kunya ba ce. Muryarta na rawa, tana murza gefen hijabinta da yatsu.

Na gaya mata gaskiyata. Ni ban yarda da Camus ba a nan, domin aya ta 115 ta Suratul Mu'uminun ta tambaye mu ko muna zaton an halicce mu da wasa ne, kuma a kanta na tsaya. Amma tambayar kanta ba ta fitar da kowa daga addini. Na tuna musu Imam Ghazali. A 1095 yana babban malami a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ɗalibai cike da zaure, sai harshensa ya ɗaure, karantarwa ta gagara, abinci ma ya ƙi shiga. Likitoci suka ce ciwon daga zuci yake. Ya ajiye muƙami da daula ya nufi Sham, ya yi shekaru yana neman yaƙini. Wanda bai taɓa kwana da irin wannan tambaya ba, anya ya san nauyin amsar da yake riƙe da ita?

Sai na ba su tarihin Camus, don kada su ɗauka ƙoshi ne ya sa shi wannan magana. An haife shi a Aljeriya a 1913. Bai cika shekara ba aka kashe mahaifinsa a yaƙin duniya na farko. Mahaifiyarsa aikatau take yi a unguwar Belcourt ta birnin Aljas, ba ta iya karatu ba, kunnenta ma ba ya ji sosai. Yana ɗan shekara 17 tarin fuka ya raba shi da tsaron gida a ƙwallo. Ya karɓi kyautar Nobel a 1957, a Janairun 1960 haɗarin mota ya ɗauke shi yana da shekara 46.

Abin da ya fi tsaya mini a rai daga bayan aji ya fito, daga wani yaro da ba ya yawan magana. Ya ce babansa ɗan ga-ruwa ne, tun asuba yake tura kura cike da jarkoki daga famfo zuwa gidaje, gobe ma haka. Sai ya ce, "To Mushe, shi Sisifus ɗin yana da 'ya'ya?"

Aji ya yi tsit. Wallahi shekarun da na yi ina karantar da wannan babi ban ji wanda ya taɓo gurbin da ke cikinsa kamar yaron nan ba. Sisifus na Camus shi kaɗai ne a tsauninsa, ba mai jiransa, ba wanda zai sha daga guminsa. Baban yaron kuwa ya san bakin da yake ciyarwa. Ina ganin Camus da kansa ya hango haka daga baya, domin a littafinsa na 1947 kan annobar da ta rufe birnin Oran, likita Rieux yana jinyar mutane dare da rana, ba shi da tabbacin cin nasara, amma bai bar su ba.

Bayan la'asar na leƙa shagon mai fotokwafi na ba shi shafuka daga littafin annobar. Ranar Juma'a zan raba musu, in sa yarinyar da yaron a rukuni ɗaya, su kawo mini abin da suka gani a hirar likitan da limamin coci bayan mutuwar wani ƙaramin yaro a cikin littafin.