Lahadi takwas da Juan Soto ya jawo mini

Har yau idan na ga Juan Soto, ɗan wasan besbol, ya ƙi taɓa ƙwallo, ya duƙa yana share ƙasa da ƙafa yana hararar mai jifa, sai in ji yatsuna sun ɗau sanyi. Wannan tsayuwar tasa ce ta sa ni wankin mota Lahadi takwas a jere cikin hunturun unguwar Bronx ta New York.

A wurin wankin motar da nake aiki akwai wani abokina ɗan Dominika, besbol ce abincinsa, Soto ne gwarzonsa. Ni kuwa shekara uku ke nan da fara kallo, amma na riga na ɗauki kaina gwani. Nawa gwarzon Ronald Acuña ne na Atlanta, ɗan Benezuwela: ya buga, ya ruga, ya saci zango (zango su ne matsayan da ɗan wasa ke bi ya zagayo fili kafin ya ci maki). A 2018 shi aka ba kyautar sabon ɗan wasa a rukuninsu, Soto ya zo na biyu. A 2019 ya yi hom-ron 41, wato bugun da ke fitar da ƙwallo bayan shingen fili, Soto 34. To me ya rage a yi gardama a kai?

Farkon kakar 2021 na ce masa Soto matsoraci ne, kallon ƙwallo kawai ya iya. Ya yi murmushi ya ce mu ƙulla: wanda ɗan wasansa ya fi yawan isa zango, gwargwadon sau nawa ya tsaya bugu, ɗayan zai karɓar masa aikin Lahadi takwas a Disamba da Janairu. Na miƙa hannu tun kafin ya rufe baki. Ban tambayi me ake nufi da isa zango ba, wallahi ban tambaya ba. Na zaci bugu kaɗai ake ƙirgawa.

Ashe idan mai jifa ya kauce sau huɗu aka ce ka taka zuwa zangon farko kyauta, ita ma tana cikin lissafi. Alamar tana gabana tun 2018: ƙiyasin bugunsu, wato kason bugun da ya kai su zango, kusan ɗaya ne, .293 da .292, amma na isa zango Acuña .366, Soto .406, yana ɗan shekara 19. Layin farko na karanta na rufe waya.

Watan Afrilu na sha daɗi, Acuña ya zama gwarzon wata, kullum sai na tsokani mutumin da tsumma a hannu. A Yuli ya tsinke jijiyar gwiwa a Mayami yana bin ƙwallo. Na je da sauri in ce a fasa, tunda nawa ya kwanta. Ya ce, “Ɗan uwa, kashi muka ce, ba jimla ba.” Na Acuña ya tsaya a .394. Soto kuma bayan hutun tsakiyar kaka sai ya zama kamar mai aljanu, fiye da rabin tsayuwarsa yana isa zango. Ya gama da .465, da tafiyar kyauta 145. Ɗari da arba’in da biyar! Abin da na kira tsoro, shi ne ya kayar da ni.

Duk mai shirin irin wannan musu, kafin ka ba da hannu ka sa a faɗa maka lambar da za a duba da abin da ke cikinta. Kada hom-ron ɗin da ake maimaitawa a talabijin ya ruɗe ka, ba wanda ke nuna maka yaron da ya bar mummunan jifa ya wuce. Kuma kada ka yi da mutumin da aka haifa da sanda a hannu, ya san ramin da yake haƙa maka.

Abin da ya fi ci mini rai, a 2023 Acuña ya yi hom-ron 41, ya saci zango 73, isa zangonsa .416, Soto yana San Diego da .410. A farkon kakar 2023 ɗin mutumin ya zo ya ce mu sake ƙullawa, sharaɗi iri ɗaya. Na ce masa ni na tuba.